Gudun Nishaɗi a Lokacin Bukukuwan Hunturu a Birtaniya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya yi watan Disamba a Birtaniya zai iya cin karo da dubban mutane sanye da jajayen kaya da farin gemun roba suna gudu a tsakiyar gari da safiyar Lahadi. Ɗalibai da ma'aikata Hausawa da ke zaune a ƙasar sukan yi tambaya a kan wannan al'ada, wasu don suna sha'awar shiga, wasu don makarantar 'ya'yansu ta aiko da takardar gayyata, wasu kuwa don ƙungiyarsu na son shirya irin nata domin tara kuɗin taimako. An tattara amsoshin da ke ƙasa ne domin waɗannan duka.

Wane irin gudu ne wannan, kuma daga ina ya samo asali?

Gudu ne na gajeren zango, galibi kilomita 5, wanda ba a damu da wanda ya zo na ɗaya ba, kuma yawanci ana yin sa ne domin tara wa wata ƙungiyar agaji kuɗi, kamar asibitin yara ko gidan kula da marasa lafiyar da jinyarsu ta yi nisa. Wanda ya fi shahara a Ingila shi ne Santa Dash na birnin Liverpool, wanda aka fara a shekarar 2004, ake kuma yi a farkon Disamba. Masu gudun kan saka jajayen kaya irin na Baba Kirsimeti, amma da yake ja launin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Liverpool ne, an tanadar wa magoya bayan Everton shuɗayen kaya, don haka za a ga shuɗi jefi-jefi a cikin taron.

Al'adar haɗa gudu da ranar biki ta girmi wannan nesa ba kusa ba. A birnin Buffalo na Amurka ana yin gudun ranar bikin godiya na watan Nuwamba tun 1896, kuma mutum shida ne suka yi na farko. A garin Mountain Ash da ke Wales ana yin gudun Nos Galan a daren jajibirin sabuwar shekara tun 1958, domin tunawa da wani shahararren ɗan tsere na ƙarni na 18 mai suna Guto Nyth Brân; kowace shekara akan ɓoye sunan wani fitaccen ɗan wasa, wanda zai ajiye furanni a kabarin Guto sannan ya shigo gari da wutar yula a hannu. Madrid ma tana da nata, San Silvestre Vallecana, mai tsawon kilomita 10, wanda ake yi ranar 31 ga Disamba tun 1964.

Ban taɓa yin gudu ba. Zan iya shiga?

Ƙwarai kuwa. Da yawa daga cikin mahalarta tafiya suke yi, wasu suna tura keken jarirai, wasu a keken guragu, kuma mai tafiya da sassarfa zai gama kilomita 5 cikin ƙasa da awa ɗaya. Wanda yake son ya yi gudun ba tsayawa zai iya bin shirin Couch to 5K na hukumar lafiya ta NHS, wanda ake saukewa kyauta a waya: mako tara ne, sau uku a mako, ana farawa da gudun minti ɗaya ana sirkawa da tafiya. Ke nan mai niyyar shiga gudun farkon Disamba ya kamata ya fara tun farkon Oktoba.

Akwai kuma parkrun, gudun kilomita 5 na kyauta da ake yi kowace Asabar da ƙarfe 9 na safe a wuraren shaƙatawa na Ingila da Wales, da ƙarfe 9:30 a Scotland. An fara shi a Bushy Park na Landan a 2004 da mutum 13, kuma wasu rassansa kan ƙara gudu na musamman a ranar Kirsimeti da ranar sabuwar shekara. Babu wurin da ya fi shi dacewa da gwaji, domin a nan ne mutum zai san yadda ƙirjinsa ke karɓar iska mai sanyi kafin ranar taron ta zo.

Wane irin kaya ya kamata a saka?

Kuskuren da waɗanda suka taso a ƙasa mai zafi suka fi yi shi ne jibga kaya. Mutum zai fito da ƙatuwar rigar sanyi da rigar auduga biyu a ciki, ya ji daɗi a minti biyar na farko, sannan zufa ta keto masa, audugar ta tsotse ta, ta manne a bayansa. Da zarar ya tsaya, wannan jiƙaƙƙiyar rigar ce za ta riƙa zuƙe ɗumin jikinsa. Ƙa'idar da masu gudu ke bi ita ce a yi shiga kamar yanayin ya fi yadda yake ɗumi da kusan digiri 10, wato idan kana ɗan jin sanyi a layin farawa to shigarka ta yi daidai.

A watan Disamba sanyin safiya a yawancin garuruwan Ingila yakan kasance 'yan digiri kaɗan sama da sifili, sau da yawa tare da yayyafi da iska. Abin da ya dace shi ne riga mai dogon hannu ta yadin wasanni wadda ba ta riƙe gumi, a ɗora wata mara nauyi da ke tare iska, a saka wando mai kama jiki. Hannu da kunne su ne ke fara jin jiki, saboda haka safar hannu da hular sanyi sun fi ƙarin riga amfani, kuma idan zafi ya zo sai a cire a cusa a aljihu. Mata masu saka hijabi za su samu na wasanni a shaguna, mara nauyi, wanda ba ya buƙatar allura kuma yana rufe kunne da wuya. Takalmi ya zama wanda aka saba da shi mai kyakkyawan ƙasa. Ranar taro ba ranar buɗe sabon takalmi ba ce.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne kayan canji. Hatsarin sanyi ba a lokacin gudu yake ba, yana zuwa ne a mintunan da ke biyo baya, lokacin da mutum yake tsaye yana ɗaukar hoto, ko yana jiran abokai, ko yana tashar bas da jiƙaƙƙen kaya. A ajiye busasshiyar riga da babbar rigar sanyi da safa a jaka, a wurin ajiyar kaya na taron ko a hannun wani ɗan uwa, a canza nan take. Bargon leda mai ƙyalli da ake rabawa a wasu wurare yana rage fitar ɗumi na ɗan lokaci ne kawai, ba ya maye gurbin busasshen tufafi.

Dole ne sai na saka kayan Baba Kirsimeti? Ni Musulmi ne.

Wannan ya danganta da taron. A gudu irin Santa Dash kayan na cikin kuɗin rajista, kuma kusan kowa yana sakawa, domin su ne ginshiƙin taron. A wasu wuraren kuwa, kamar parkrun ko gudun makarantu, kowa da shigar da ya ga dama, kuma babu mai kallon wanda ya zo da kayan motsa jiki na yau da kullum. Taron kansa ba a coci ake yi ba, ba a kuma yin wata ibada a ciki, amma sunansa da adonsa na bikin Kirsimeti ne, kuma Musulmi sun bambanta a kan yadda suke kallon hakan. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa, ko ya zaɓi gudun sabuwar shekara ko wani gudun hunturu mara alaƙa da biki, waɗanda suke da yawa a Janairu da Fabrairu. Hausawa Kiristoci kuwa sukan tarar cocinsu ko makarantar yaransu na haɗa tawaga.

Ga wanda zai saka kayan, ya sani cewa yadinsu mai araha ne, ba ya hana sanyi, yana shan ruwan sama ya yi nauyi, kuma wandon kan yage ko ya zame tun ba a yi nisa ba. A saka kayan gudu na gaske a ciki, a ɗaure ƙugu da kyau.

Su wane ne ya kamata su yi taka-tsantsan?

Masu ciwon sikila su ne a sahun gaba, kuma wannan magana ta shafe mu kai tsaye domin ciwon ya yawaita a cikin al'ummarmu. Sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da wahalar da jiki fiye da kima, duka ukun suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma gudun hunturu ya haɗa su wuri guda. Mai sikila kada ya shiga sai ya yi shawara da likitansa, idan kuma an ba shi dama to ya yi tafiya a hankali, ya rufe jiki sosai, ya sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo, kuma kada ya tsaya a waje bayan an gama. Masu asma su riƙe abin shaƙarsu a aljihu, su rufe baki da hanci da ƙyalle mara kauri domin iskar ta ɗan ɗumama kafin ta shiga huhu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya shi ma ya nemi shawarar likita, wanda yake fama da zazzaɓi ko tari mai sauka ƙirji kuwa ya haƙura da na bana.

Yara kan rasa ɗumin jiki da sauri fiye da manya, kuma jaririn da ke kwance a keke ba ya motsi, don haka yana buƙatar rufi fiye da mai tura shi. Tarurruka da dama na ware wa yara gajeren zango na kilomita 1 ko 2. Alamomin da ke nuna sanyi ya yi wa mutum illa su ne karkarwar da ba ta tsayawa, da magana na harɗewa, da ruɗewa ko yawan jin barci. Zafin jiki idan ya sauka ƙasa da digiri 35 abin ya zama na gaggawa. A shigar da mutum ɗaki, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a kira 999, lambar kiran gaggawa ta Birtaniya.

Abincin da ake rabawa a ƙarshen gudu fa?

A duba kafin a ci. Ɗan kek ɗin Kirsimeti mai cike da busassun 'ya'yan itatuwa da ake rabawa wani lokaci yana ɗauke da barasa ko kitsen dabba, jan abin sha mai ɗumi da ƙamshin kanumfari da ake sayarwa a irin waɗannan wurare giya ce, kuma alawa mai danƙo sau da yawa da sinadarin da aka samo daga alade ake yin ta. Shayi a fulas da dabino da ayaba sun wadatar.

Ƙungiyarmu na son shirya nata gudun. Daga ina za mu fara?

Ku fara da wuri da kuma izini, tun kafin ku buga sanarwa. Mafi sauƙi shi ne a yi a wurin shaƙatawa na gari, inda za ku nemi izinin ƙaramar hukumar da ke kula da shi. Idan kuka ce sai kun bi titin mota, to sai an rufe hanya a hukumance, wanda ke buƙatar takardar umarni daga ƙaramar hukuma, da kuɗi, da alamomin karkatar da motoci, kuma ƙananan hukumomi da yawa na son a shigar da buƙata wajen mako 12 kafin ranar. Taron Disamba ke nan tun watan Agusta ko Satumba ake fara aikinsa. Shawarata ga masu farawa ita ce su bar titi gaba ɗaya a shekarar farko.

Za a nemi ku kawo inshorar da ke biyan diyya idan wani ya ji rauni, galibi ta aƙalla fam miliyan 5, da rubutaccen bayanin haɗurran da ka iya faruwa da matakin da kuka tanada a kan kowanne, da taswirar hanya, da tsarin agajin gaggawa. Idan taron na da girma, za a iya miƙa takardunku ga kwamitin ba da shawara kan tsaro na yankin, wanda ya ƙunshi 'yan sanda da ma'aikatan kashe gobara da na motar asibiti. Hukumar wasannin guje-guje ta Ingila ma tana ba da lasisin tsere, kuma kulob ɗin gudu na unguwa da ke da rajista da ita zai iya zama abokin aiki mai amfani, domin sun san hanyar kamar yunwar cikinsu. Don agajin gaggawa akan ɗauko St John Ambulance ko wani kamfani mai lasisi, a kuma tabbatar akwai na'urar farfaɗo da bugun zuciya a kusa.

Wace hanya da wane lokaci suka fi dacewa?

Rana gajera ce a wannan lokaci. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa a arewacin Ingila sai bayan ƙarfe 8, kuma kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Farawa da ƙarfe 10 ko 10:30 na safe yana ba masu shiri damar kafa alamomi da haske, yana ba raɓar da ta daskare damar narkewa, kuma za a watse kafin Azahar, wadda ke shiga jim kaɗan bayan ƙarfe 12, La'asar na biye da ita ba da jimawa ba.

Hanya mai zagaye biyu na kilomita 2.5 ta fi dogon zango guda, domin tana buƙatar masu tsaro kaɗan, wanda ya gaji zai iya tsayawa bayan zagayen farko, kuma babu wanda zai yi nisa da wurin agaji. A guji gangara mai kaifi, da gadar katako, da bakin tafki, da ƙarƙashin bishiyoyi inda ruɓaɓɓen ganye ke taruwa. Lallai a samu gini mai ɗumi da banɗaki kusa da wurin farawa, ko zauren unguwa ne ko na makaranta ko na masallaci, kuma a rage jawabai. Tsayar da jama'a rabin awa a cikin iska ana godiya ga manyan baƙi ya fi gudun kansa cutarwa.

Idan aka tashi da ƙanƙara, a ci gaba ko a fasa?

Wannan ce shawara mafi nauyi da mai shirya taro zai yanke, kuma ya kamata a tsara yadda za a yanke ta tun makonni kafin ranar. Dusar ƙanƙara sabuwa ana iya takawa a kanta da kulawa. Abin tsoro shi ne siririyar ƙanƙara da ke shimfiɗa a kan kwalta bayan an yi ruwa da dare sannan sanyi ya sauka ƙasa da sifili: ba ta da launi, ido na ganin ta kamar damshi, sai ƙafa ta hau kanta. Motocin watsa gishiri manyan tituna suke bi, hanyoyin cikin wurin shaƙatawa galibi ba sa samu, kuma a wuraren da inuwa ta rufe ƙanƙarar kan kai tsakar rana ba ta narke ba. Mutum ɗari uku a cunkushe, wasu da gemun roba ya rufe musu rabin gani, yara na kutsawa tsakanin ƙafafu, idan ɗaya ya zame a kwana zai ja wasu, kuma karayar wuyan hannu ko ta ƙugu ga dattijo ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka a naɗa mutum ɗaya wanda maganarsa ce ta ƙarshe, ya riƙa bin hasashen hukumar yanayi ta Met Office, wadda ke fitar da gargaɗi hawa uku, rawaya da ruwan lemo da ja, sannan ya taka hanyar da ƙafarsa daga farko har ƙarshe da sassafe. Idan wuri ɗaya ne ke da santsi ana iya zuba gishiri ko a karkatar da hanya zuwa kan ciyawa. Idan ya yawaita, a fasa. Iska mai ƙarfi ma dalili ne, saboda rassan bishiya da rumfuna. A rubuta tun a takardar rajista ƙarfe nawa za a sanar da matsaya, ta wace hanya, da kuma ko za a mayar da kuɗi ko a ɗage zuwa wata rana. Za a samu masu gunaguni, musamman waɗanda suka taso daga nesa, amma ba na ganin akwai adadin kuɗin taimako da ya kai a saka lafiyar yaro ko tsohuwa a caca dominsa.

'Yan sa-kai nawa ake buƙata, kuma wane aiki za su yi?

A kowace kwana da kowace mahaɗa a tsayar da mutum sanye da riga mai ƙyalli, da waya mai caji da lambar shugaban taro a ciki. Su ne suka fi kowa shan sanyi domin a tsaye suke wuri ɗaya fiye da awa guda, don haka a gaya musu su yi shiga mai kauri, a kai musu shayi, kuma kada a manta a sallame su. Sai masu rajista, da masu ajiyar jakunkuna, da masu raba ruwa, da mutum ɗaya mai kula da yaran da suka ɓace wa iyayensu.

Aikin da nake ba muhimmanci na musamman shi ne na mai bin baya, wanda zai yi tafiya a ƙarshen ayari kuma ba zai wuce kowa ba. Da shi ne ake sanin babu wanda aka bari a hanya, kuma saboda shi ne mai nauyin ƙafa ba zai ji kunyar zama na ƙarshe ba. Kada a naɗe tutar gamawa ko a kashe tukunyar shayi sai ya iso, domin waɗanda suka fi daɗewa a hanya su ne suka fi kowa buƙatar abin ɗumi da tarba.

Yaya batun kuɗi?

A ƙididdige kuɗin inshora da agajin gaggawa da hayar wuri da lambobin ƙirji kafin a yanke kuɗin shiga, a kuma faɗa wa jama'a a fili nawa ne zai tafi ga ƙungiyar agajin. Idan ƙungiyar agajin na da rajista, tsarin Gift Aid na ba ta damar karɓar ƙarin pens 25 daga gwamnati a kan kowane fam ɗaya da mai biyan haraji a Birtaniya ya bayar kyauta, sai dai kuɗin shiga taro ba ya cikin wannan. Shafuka irin su JustGiving na sauƙaƙa tara gudummawa, amma yawo da bokiti a titi yana buƙatar izini na daban. Bayan taro a fitar da lissafi a rubuce.

Idan taron ya faɗo cikin azumi fa?

Wannan na tafe. Ramadan na matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma a 2030 ana sa ran zai zo sau biyu, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Azumin hunturu a Birtaniya gajere ne, amma gudun safe na nufin sa'o'i da dama babu ruwa bayansa. Ƙungiyar da yawancin mahalartanta Musulmi ne za ta iya farawa da misalin ƙarfe 3 na yamma a gama daf da shan ruwa, muddin an tanadi fitilu domin tattara kaya bayan faɗuwar rana.

Za a iya yin irinsa a gida lokacin hunturu?

Za a iya, kuma safiyar Disamba da Janairu a Kano ko Zariya ko Jos ko Damagaram ita ce mafi daɗin gudu a duk shekara. Matsalar a can ta bambanta: babu ƙanƙara, amma akwai ƙura da bushewar iska, kuma da rana ta ɗaga zafi yake dawowa. A fara bayan sallar Asuba da zarar gari ya waye, a yawaita wuraren shan ruwa, a ɗage taron idan hazo ya yi kauri har ba a ganin nesa, a kuma nemi haɗin kan 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra tun da wuri idan za a bi titi. Filin wasa ko harabar makaranta mai katanga ya fi sauƙin tsarewa, kuma iyaye sun fi sakin jiki su bar 'ya'yansu mata su shiga.